Yadda ake raba tsibiri da ɓera, mage da akuya don tsuntsaye su huta

Shekarun baya kawuna da ke wani ƙauye kusa da Wurno ya gaji da ɓarnar kusu a rumbunsa, ya samo mussa biyu ya zuba a gida. Wata uku ba su cika ba 'ya'yan tantabarunsa suka ƙare kaf, kusu kuwa yana nan yana cin geronsa. Da na je gaishe shi ya ce mini, "Ɗana, na ɗauko mai gadi, ashe shi ne sarkin ɓarayi." Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu," ina ɓoye dariya.

Sai da na zauna haɗa wa ɗalibaina darasi a kan halittun da ke ƙarewa a duniya na tarar masu ilimi ma sun taɓa faɗawa ramin da Kawu ya faɗa. A 1949 ma'aikatan tashar duba yanayi a tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu suka kai mage biyar don su kama musu ɓeraye. Zuwa 1977 magunan sun kai kusan 3,400, suna cinye tsuntsayen teku wajen 450,000 a shekara. Sai a 1991 aka ga bayan ta ƙarshe. Ɓerayen da aka kai su dominsu har yau suna nan, sun ma koyi cin 'ya'yan tsuntsaye da ransu.

Abin da ya sa ɓarnar ta fi muni a tsibiri shi ne tsuntsayen can ba su san mai ƙafa huɗu ba. Dubban shekaru suna ƙwai a ƙasa ko a rami, wasu sun daina tashi gaba ɗaya, wasu ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara. Ɓera ya sauka daga jirgin ruwa ya tarar da abinci ba ya gudu. A tsibirin Lod Hawu na Ostareliya, jirgi guda ne ya makale a gaɓa a 1918, ɓeraye suka tsallaka, irin tsuntsu biyar da babu su ko'ina a duniya suka shuɗe.

Mu nan Sakkwato ba mu da teku, na sani. Amma yadda ake wannan aiki ya canza mini tunani a kan rumbu da sito, don haka zan bi shi daki-daki yadda masu yinsa ke bi.

Da farko, a tabbata aikin zai yiwu

Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya ta magani, sai an amsa tambaya uku. Shin za a iya kai wa kowace dabba, har wadda ke maƙale a tsagin dutse a gaɓar teku? Shin za a kashe su da saurin da ya fi saurin haihuwarsu? Shin in an gama, za a iya hana wasu shigowa? In amsar ɗaya ta zama a'a, a mayar da kuɗin aljihu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A nan ne bambancin ragewa da kawarwa yake, kuma shi ne ƙashin bayan aikin duka. Mai ragewa in ya kashe casa'in da tara cikin ɗari ya yi ƙoƙari. Mai kawarwa in ya kashe 999 cikin 1,000 ya faɗi. Macen ɓera tana ɗaukar ciki na mako uku, ta haifi shida zuwa goma, 'ya'yan kuma su fara tasu haihuwar cikin wata uku. Ga shi an share mata abokan gasa, abinci ya zama nata ita kaɗai. A tsibirin Handasan da ke tekun Fasifik an zuba magani tan 75 a 2011. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ɓerayen da suka tsira ba su kai ɗari ba. Cikin 'yan shekaru tsibirin ya koma yadda yake, kamar ba a taɓa zuwa ba.

Sai a san wa ke cin wa

Mataki na biyu shi ne a zauna a lissafa baƙin dabbobin da ke tsibirin duka, a kuma gane yadda suke riƙe da juna. Cire ɗaya na iya sakin wani. A tsibirin Makwari, kudu da Ostareliya, an gama da mage a 2000, kowa na murna. Zomaye, waɗanda mage da wata cuta da aka saka musu ke dannewa a da, suka yawaita suka wuce 100,000, suka aske ciyawar tsaunuka har ƙasa ta riƙa zaizayewa. Dole aka dawo aka haɗa zomo da manyan ɓeraye da ƙanana a aiki guda, ba a kuma ayyana tsibirin a matsayin tsarkakakke ba sai 2014.

Ƙa'idar dai ita ce: in mai ci da abin cinsa duk baƙi ne, ko a kwashe su tare, ko a tsara wanda zai fara bisa lissafi. Sau da yawa ana fara wa ɓera magani, mage ta ci gawarsa ita ma ta tafi, sannan maharba su bi ragowar.

A wannan matakin ne kuma ake kama wasu ɓeraye daga kusurwoyin tsibirin, a yanki ɗan bakin wutsiya a adana. Amfaninsa sai gaba: in an sake ganin ɓera bayan aiki, gwajin ƙwayar halitta zai faɗa ko ragowar na da ne ko sabon baƙo. Da haka aka gane na Handasan tsira suka yi, ba jirgi ya kawo su ba.

Mutanen wurin

In tsibiri ba kowa, wannan mataki gajere ne. In da mutane, yakan fi sauran duka tsawo. A Lod Hawu mazauna ba su wuce ɗari huɗu ba a lokacin, amma an shafe shekaru ana ja-in-ja, har sai da aka kaɗa ƙuri'a a 2015, masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar, aikin kuma bai tabbata ba sai 2019. Ba na ganin laifinsu. Wanda za a ce za a shiga ɗakin girkinsa da silin ɗinsa a ajiye guba, a kuma ce ya rabu da kajinsa da shanunsa na wani lokaci, yana da haƙƙin ya yi tambaya. Gida ɗaya da ya ƙi buɗe ƙofa ya isa ya zama mafakar da za ta rushe aikin.

Ka kwatanta a zo Sakkwato a ce za a harbe jar akuya saboda wani ƙadangare. Ai ranar za a ji mu. Shi ya sa nake yaba abin da aka yi a Redonda, wani ɗan tsibirin dutse na ƙasar Antiguwa da Barbuda. Awakin can, kimanin 60, ba a kashe su ba. A 2017 aka kama su aka ɗauke su a jirgi mai saukar ungulu aka kai su babban tsibiri, ɓeraye kusan 6,000 ne aka yi wa magani. Dutsen da ya zama fari fat ya sake yin kore cikin shekara biyu. Inda za a iya kwashe dabba da ranta, a kwashe. Inda ba hali, addininmu ma ya halatta kashe ɓera ko da a Harami ne, ya kuma yi umarni a kyautata kisa, kada a azabtar.

Gwaji kafin a saka guba

Ana haɗa ƙwayar abincin tarko irin wadda za a yi aiki da ita sak, amma ba guba a ciki, sai wani rini da ke ƙyalli in an haska shi da fitila ta musamman. A watsa a wani yanki da aka auna, a jira kwana kaɗan, a kafa tarko. Duk ɓeran da aka kama a haska bakinsa da cikinsa. In ɗari aka kama, ɗari ake so su yi ƙyalli. Guda ɗaya da bai ci ba tambaya ce da sai an amsa ta.

Gwajin yana kuma tona waɗanda za su yi wa ɓera rigen cin abincin. A tsibiran ƙasashe masu zafi ƙaguwar tudu ce matsala. Gubar ba ta kashe ta, tana kuma kwashe ƙwayoyin cikin dare ɗaya, don haka dole a ninka abin da za a zuba. Wannan na cikin dalilan da suka sa aikin ya fi faɗuwa a wurare masu zafi fiye da masu sanyi.

A ɓoye waɗanda ake yi domin su

Maganin da aka fi aiki da shi sunansa brodifakum. Yana hana jiki sarrafa bitamin K, jini ya daina daskarewa, dabba ta mutu cikin kwana uku zuwa bakwai. Jinkirin nan shi ne sirrinsa. Ɓera dabba ce mai zargi, sabon abinci ɗanɗana yake yi ya jira ya gani. In guba mai saurin kisa ce, wanda ya ɗanɗana ya ji ciwo bai mutu ba, ya bar ta har abada. Wannan kuwa sai ya ci ya ƙoshi ya kwana lafiya, ya dawo gobe da 'yan'uwansa.

Illarsa ita ce yana daɗewa a hanta, duk wanda ya ci gawar ya ɗauka. A wani tsibirin Alaska da a da ake kira Tsibirin Ɓera, an yi nasara a 2008, amma aka tsinci gawar gaggafa sama da 40 da ɗaruruwan tsuntsayen teku. A tsibirin Pinzon, ɗaya daga tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, an yi dabarar kama shahunan tsibirin aka tsare a keji a 2012, sai dai an sake su da wuri, suka ci ƙadangarun da suka ci maganin, da dama suka mutu. Garin neman gira aka taɓa ido.

To, kafin ranar aiki a lissafa duk mai cin hatsi da duk mai cin mushe. Waɗanda ba su da yawa a duniya a kama adadi mai kyau a killace, kada a sake su sai gwaji ya nuna gubar ta bar ƙwari da ƙadangaru. A Lod Hawu an tsare wata kazar daji da ba ta tashi, sama da 200, har aka gama. Ana kuma rina ƙwayar kore ko shuɗi, launin da tsuntsu bai cika kula shi ba.

Lokaci

A zaɓi lokacin yunwar ɓera, sa'ad da ba 'ya'yan itace, haihuwa ta tsaya, tsuntsaye masu ƙaura kuma sun tafi. A ƙasashen sanyi hunturu ke nan. Da a wurinmu ne, da ƙarshen bazara ne, rumbu ya yi ƙasa, ruwan farko bai sauka ba. A Handasan ruwan sama ne ya zo ba zato kafin aikin, itatuwa suka yi 'ya'ya, ɓera ya samu zaɓi.

Ranar zubawa

A ƙaramin tsibiri da ƙafa ake yi. Ana ja layuka a kafa akwatunan abinci, tsakanin kowane biyu mita 25 zuwa 50 in manyan ɓeraye ne. Ƙaramin ɓeran gida yawonsa bai da nisa, nasa sai an matso, wani lokaci har mita 10. A riƙa zagayawa ana cika akwatin da aka cinye, ana rubuta lambarsa, har a daina taɓawa.

A babban tsibiri sai jirgi mai saukar ungulu. Ana rataya masa wani babban bokiti mai farfela a ƙasa, tana watsa ƙwayar hagu da dama. Matuƙin yana bin layin da na'urar tauraron ɗan'adam ta zana masa, kuma kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi, ta yadda ko'ina zai samu sau biyu. Manomin da ya taɓa watsa taki da hannu a fadamar Kwalkwalawa ya san yadda ake barin gurbi ba a sani ba, sai shuka ta fito a ga rawaya. A nan gurbin da ya kai faɗin fili ɗaya na ƙwallo na iya zama gidan mace mai ciki. Saboda haka kowace yamma ana sauke bayanan tafiyar jirgin a kwamfuta, a duba taswira, duk inda aka ga fari a koma gobe. Gaɓar teku da hayin duwatsu ana yi musu zagaye na daban, domin can ɓera ya fi yawa. Kogo, tsohon gini, jirgin da ya mutu a gaɓa, waɗannan da hannu ake bin su. Ƙananan duwatsun da ke kewaye da tsibirin su ma ba a tsallake ko ɗaya.

Bayan kwana goma zuwa mako uku a sake zubawa karo na biyu. Wannan na 'ya'yan da ke rami suna shan nono ne a karon farko, da kuma raunanan da manya suka hana ci.

Niyuzilan ce ta koya wa duniya wannan salo. A 2001 ta zuba tan 120 a tsibirin Kambel mai hekta 11,300. Mafi girma har yanzu shi ne na Jojiya ta Kudu, can kusa da ƙarshen duniya ta kudu, inda kogunan ƙanƙara suka yanka tsibirin gida-gida, ɓera ba ya iya tsallakawa. Aka yi amfani da wannan aka raba aikin uku, 2011 da 2013 da 2015, da jirage uku da magani sama da tan 300, a kan kuɗi kusan fam miliyan 10. Gaggawar da suka yi tana da dalili: ƙanƙarar tana narkewa, in ta buɗe hanya shi ke nan.

Akuya da mage ba haka ake musu ba

Manyan dabbobi harbi ne da karnuka da tarko. Kashi casa'in na farko ba wuya. Wahalar tana ga na ƙarshe, waɗanda suka ji ƙarar bindiga suka waye. A Galapagos, inda awaki suka cinye ciyawar manyan kunkuru, an kawar da sama da 140,000 tsakanin 1997 da 2006. Ka tuna a tsibirin Pinta akuya uku aka sauke a 1959, suka zama wajen 40,000 cikin kimanin shekara goma.

Dabarar da ta gama da ragowar duk makiyayi zai gane ta. Akuya ba ta zama ita kaɗai. Sai a kama wata, a yi mata aikin hana haihuwa, a ɗaura mata abin wuya mai aika sigina, a sake ta. Ita da ƙafarta za ta nemo 'yan'uwanta a duk inda suka ɓuya. Maharba su bi siginar su harbe sauran, su bar ta ta sake nemo wasu. Wasu matan har allura ake musu su daɗe cikin neman bunsuru. Ni 'yar rahoto nake kiran ta, kuma ina jin tausayinta.

Mage ta fi kowa wayo. A Mariyon sai da aka haɗa cutar mage da aka saka musu a 1977, da farautar dare da fitila, da tarko, da guba, shekara goma sha huɗu.

Jira

Ba a shelar nasara sai an cika shekara biyu. Ɓera biyu a tsibiri mai faɗin ƙaramar hukuma ba mai ganin su. In suna nan, shekara biyu ta isa su yawaita har su bayyana. A lokacin ana kafa 'yan sanduna da aka shafa wa man gyaɗa a duba shatin haƙori, da 'yan bututu masu tawada a tsakiya da takarda a gefe don ɗaukar sawu, da kyamarori, da karnuka masu sansano ɓera. A Jojiya ta Kudu an kafa irin waɗannan sama da 4,600, karnuka uku suka taka tsibirin, sannan aka yi shela a watan Mayun 2018.

Wani lokaci jiran baƙin labari yake kawowa. A tsibirin Gof da ke kudancin tekun Atlantika, inda ƙananan ɓeraye ke cin 'ya'yan albatros, tsuntsun da ya fi ungulu faɗin fiffike, an yi aikin a 2021 da shiri na shekaru. A watan Disamba kyamara ta ɗauki ɓera guda. Duk da haka, wani lissafi da aka fitar a 2022 ya nuna cikin yunƙuri 1,550 a tsibirai kusan dubu, 88 cikin ɗari sun yi nasara. A Pinzon kuwa, bayan an kawar da ɓera, a 2014 aka ga jariran kunkuru suna yawo a daji, abin da aka fi shekara ɗari ba a gani ba.

A kulle ƙofa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk jirgin da zai tsaya a binciki kayansa tun daga inda ya taso, abinci ya zo a rufaffen mazubi, igiyar ɗaure jirgi a saka mata faifan ƙarfe da ɓera ba zai iya hayewa ba, tashar kuma kada a raba ta da tarko. A ajiye magani da karnuka da mutanen da za a kira in an ga sawu. A Lod Hawu an ga ɓeraye a 2021, aka taso musu nan take da karnuka aka gama da su kafin su bazu.

Kada a raina ninƙayarsa. Masu bincike a Niyuzilan sun taɓa sakin ɓera guda mai abin sigina a wani ɗan tsibiri, don su ga wuyar kama ɗaya. Ya ƙi tarko, ya ƙi abinci, ya kuɓuce wa karnuka, ya yi iyo mita 400 a teku zuwa wani tsibirin. Mako 18 ana bin sa.

Abin da na ɗauko na kai sito

Gida ba tsibiri ba ne, na maƙwabci zai shigo. Amma sito ko rumbu ana iya mayar da shi tsibiri. Da na gyara na gidanmu, tsarin nan na bi. Na fara da ƙofa, ba da magani ba: na toshe ramuka da siminti, na buga falle a ƙasan ƙyaure, na ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, na sare reshen darbejiyar da ya taɓa rufi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, don haka tsabar da ke zube sai da aka share ta. Na zagaya gidaje huɗu da muke haɗa katanga, na roƙi dattawan mu yi a mako guda, a ƙarshen bazara.

Maganin mai lambar NAFDAC na saya, na saka shi cikin guntun bututun roba da aka danne da dutse, inda yaro da kaza ba za su kai ba, ba a takarda a buɗe ba kamar yadda aka saba. Bayan mako biyu na sake. Gawa ba a taɓa ta da hannu saboda zazzaɓin Lassa, da leda ake ɗauka a binne da zurfi, kada mussa ko shaho su samu. In yaro ya ci irin wannan magani, a kai shi asibiti nan take tare da kwalin, ko da yana wasansa lafiya, domin alamar takan yi kwanaki ba ta fito ba, kuma akwai makarinsa, bitamin K1.

Ba ni da bututu mai tawada, sai na yi da toka. Kowane dare ƙanena yana barbaɗa ta a bakin ƙofa da gindin bango, da asuba bayan an sauko masallaci ya duba. Wata na bakwai ke nan sawun tsaka da na kyankyaso kawai yake gani. Kawu ya zo ya duba, ya ce zai gwada a rumbunsa bayan girbi, amma mussoshin suna nan, wai jikokinsa sun saba da su. Tantabarun dai ya mayar da su gidan ƙanwarsa.